In Aiki Ya Kai Ka Shagon Kawunka

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, ina roƙon Allah ya sauke ka birni lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, ya haɗa ka da abokan zama nagari. Na cusa wannan takarda a bakin buhun shinkafar da na ɗaure maka, don na san in na miƙa maka hannu da hannu za ka ce, "Inna, wa yake rubuta wasiƙa yanzu? Ai da kin yi mini saƙon murya." To, muryar ce ba na so in yi. Abin da ya shiga waya ba ya zama inda aka ajiye shi, wannan kam na koya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na makarantar yaƙi da jahilci ne.

Ranar da ka dawo da albishir cewa wasu masu shirya fim a Kano sun ɗauke ka aiki, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai da ka zauna ka warware mini irin aikin, guɗar ta ɗauke. Ka ce za ka riƙa zama gaban kwamfuta kana bin sawun masu watsa finafinai da waƙoƙin mutane a intanet ba da izini ba, ka gano su, ka miƙa sunayensu, a rufe musu shafi, wanda ya yi taurin kai a kai shi gaban hukuma. Ka ce sunan laifin satar fasaha. Kana faɗa kana murna, ni kuwa fuskar ƙanena Ila nake gani. Kawunka, wanda a shagonsa na Kura ka fara ɗora yatsa a kan kwamfuta, wanda ya koya maka duk abin da ya sa waɗannan mutane suka ga ka cancanta. Kuma ka fi ni sanin abin da ake yi a shagon nan. Ba ka ambace shi ba, ni ma ban ambace shi ba. Muka ci tuwo muka tashi.

Na so in ba ka shawara tsayayya, irin wadda uwa take ba ɗanta ya riƙe kamar sanda. Na juya maganar, na sake juyawa, ban samu ba. Abin da nake da shi kawai kurakuraina ne a kan wannan al'amari, kuma wasunsu har yau ban tabbata ta ina suka zama kuskure ba. Zan zube maka su yadda suka faru. Kai ka yi karatu, wataƙila ka tsinci abin da ni na kasa tsinta.

Kana ɗan firamare wasu masu fim suka zo garin nan. Za ka iya tuna motarsu, amma ba ka san sauran ba. Shugabarsu wata mace ce, Hajiya Rabi, doguwa mai fara'a, ita ta zuba dukiyarta a fim ɗin. Labarin manoman rani take so ta yi, sai ta ga gonar babanka a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ta yi mata. Babanka, Allah ya ji ƙansa, ya ba su gonar, ya ba ta ɗakina ta sauka, ni nake dafa musu. Muka shaƙu da ita ƙwarai. Ba ta da girman kai, tana zama a tabarma ta taya ni tsince shinkafa, tana ce mini Yaya. A nan ta faɗa mini filinta na gado ta sayar ta yi wannan aiki. Wata rana muna bugun shinkafa da matan unguwa muna 'yar waƙar da muka gada wurin iyayenmu, ni nake bayarwa suna amshi, sai ta sa aka juyo da kyamara kanmu. Muka yi ta dariya muna rufe fuska.

Bayan sun tafi da 'yan watanni sai ga ta ta dawo da kanta. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro memori, ɗan abu kamar farce, ta sa mini a tafin hannu.

Ta ce, "Yaya Hajara, bayan mu da muka yi aikin, ke ce farkon wadda za ta gani. Bai fita kasuwa ba, sai bayan sallah. Ki kalla ke da Malam, direbana zai biyo ya karɓa. Amana ce fa."

Na ce, "Haba Hajiya, ai kin ajiye a rijiya."

Wayata ta ƙi buɗe shi. Na yi ta dannawa, ba komai sai baƙin allo. Sai na ɗauki mayafi na hau babur zuwa Kura wurin Ila. Lokacin sana'arsa cajin waya da turi, wato ka kawo wayarka ya zuba maka finafinai da waƙoƙi daga kwamfutarsa, ka ba shi ɗan abin da ya samu. Yana sa memorin ya zaro ido.

"Yaya, ina kika samo wannan? Ai ba a sake shi ba!"

Na ce amana ce, ya gyara mini kawai ya ba ni abina.

Ya ce, "Zan gyara. Amma bari in ajiye ɗaya a nan in kalla ni ma. Ba cinyewa zan yi ba, ba raguwa zai yi ba."

Auta, a gabana ya yi. Ba a ɓoye ba. Da na ce a'a da ƙarfi, da ya bari, don Ila bai taɓa tsallake maganata ba. Ban ce ba. In faɗa maka gaskiya, a lokacin allon ya kawo wurin da nake ba da waƙa, na ga kaina, na ji muryata. Na so mutanen Kura su gan ni. Ya miƙo mini memorin yadda na ba shi, ko ƙwarzane babu, na ƙulle a bakin zane na dawo gida ina ganin amana tana nan cif.

Ba a daɗe ba ina tsaye a ƙofar gida wani mai keke napep ya wuce, sai na ji muryata tana fita daga wayarsa. Washegari na ji ta a wayar Bafulatanar da ke kawo mana nono. Kafin sallah ta zo, masu lodin tumatir a Kwanar Gafan sun kai fim ɗin Zariya da gaba da Zariya. Da aka fitar da faifan a kasuwa, wa zai saya? Kowa ya gani.

To ga shawarata ta farko, ita ce kaɗai nake faɗa ba tare da kokwanto ba. A wurin aikin nan za a riƙa ba ka abubuwa tun ba su fita ba. In an ce maka amana, to kada ka auna ta da abin da ya rage a hannunka. Ni na mayar da abin mutane cikakke, amma na cinye shi. Yadda hakan take yiwuwa, har yau kaina bai gama ɗauka ba. In na ɗebi mudu a buhun maƙwabciya, buhun zai nuna. Wannan kuwa bai nuna ba, sai mai shi ce ta rame.

Hajiya Rabi ta kira ni a waya. Muryarta a sanyaye, ba faɗa. Ta ce, "Yaya Hajara, kin ba wani abin nan?"

Na ce, "Wallahi Hajiya memorinki yana hannuna, ga shi nan a ƙulle."

Ka ji irin rantsuwar da na yi. Kowace kalma gaskiya ce, amma in ka haɗa su ƙarya ce tsagwaronta. Ta ce to Allah ya kyauta, ta kashe. Direban ya zo ya karɓa, ko ruwa bai sha ba. Daga nan ba ta sake kira ba, ni ma kunya ta hana ni. Kada ka koyi wannan daga gare ni. Ranar da ka yi ɓarna a wurin aiki, ka faɗe ta da bakinka tun tana ɗanya. Gaskiyar da aka lanƙwasa ta fi ƙarya nauyi, don ita ko tuba za ka yi sai ka rasa ta inda za ka kama ta.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce maka turi sata ce, ka je ka yi aikinka da zuciya ɗaya. Amma sai babanka ya kwanta jinya. Ka tuna yadda ya daɗe a kwance, mutumin da bai saba wuni a ɗaki ba, ga gona tana jiransa ya kasa zuwa. Ransa ya ƙuntata, ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Kawunka ne yake zuwa duk ranar Juma'a da memori cike da wa'azi da waƙoƙi da finafinan barkwanci, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ya jingina wayar a jikin kwano, ya zauna a gefen katifa suna kallo tare. Dariyar ƙarshe da na ji daga bakin babanka, a kan wani ɗan wasan barkwanci ya yi ta, har da tari, har da hawaye. Ya ce, "Ila, mayar mini baya in sake gani."

Wannan ɗan wasan bai san da mu ba. Ko ƙwandala ba ta je masa daga gidan nan ba. Na san haƙƙinsa ne. Amma in ka ce mini in yi nadamar dariyar nan, ba zan iya ba. Na gwada. A nan ba ni da shawara, sai dai in ce, in kana kallon sunaye a kwamfutarka, ka riƙa tuna cewa a ƙarshen kowace waya akwai mutum, wani ma a kwance yake.

Kuskurena mafi muni bayan na fita takaba ne. Na koma sana'ar turara shinkafa, ina wuni a bakin injin casa a Kura muna shanya da sauran mata. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga wata farar bas ta tsaya, maza suka firfito, wasu da riguna iri ɗaya. Aka ce 'yan kwamitin yaƙi da satar fasaha ne daga birni. Ɗayansu ya nufo ni, da yake ni ce babba a wurin, ya gaishe ni da ladabi.

"Baba, ina ake turin finafinai a nan?"

Shagon Ila yana bayana, a lungu, in ba ka sani ba ba za ka gan shi ba. A gabana kuwa, tsallaken titi, akwai rumfar Hudu. Ba na jin ka san shi sosai. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba shi da gona, yana da tsohuwar kwamfuta guda da ya ɗaure murfinta da roba, da ita yake ci da iyalinsa. Cinikinsa bai kai rabin na kawunka ba.

Na ɗaga hannu na nuna gabana.

A lokacin har ce wa kaina na yi tuba nake yi. Na ce ga dama ta zo in rama wa Hajiya Rabi, in taimaki masu gaskiya. Ka ji yadda zuciya take yi wa mutum ado. Suka tsallaka suka kewaye rumfar. Ina hango Hudu yana durƙusawa yana roƙo. Suka naɗe wayoyin caji, har da na mutanen da suka kawo ajiya, suka ɗauki kwamfutar. Kafin su rufe ta, da idona na ga ɗayansu ya zaro wayarsa ya miƙa wa Hudu, ashe cewa ya yi ya fara zuba masa sababbin waƙoƙi tukuna. Hudu yana hawaye yana zuba masa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kafin su waiwayo, labari ya kai wa Ila, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo ya bi ta bayan gari.

Hudu ya yi ta zarya birni, kwamfuta ba ta dawo ba. Masu wayoyi suka taso shi a gaba. Yanzu dako yake yi, yana ɗaukar kwandunan tumatir a ka, mutumin da furfura ta fara fito masa. Duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Inna, ina wuni, ya ƙoƙari?" Bai sani ba. Ko ya sani yake yi mini kara, Allah masani. Na sha niyyar tsayar da shi in faɗa masa, sai in ɓuge da auna masa shinkafa in ce ya kai wa yara.

Kuma me kamen ya gyara? Ko fim ɗaya bai daina yawo ba. Kawunka ma wayo ya ƙara. Ya ga shago ana iya kewaye shi, sai ya mayar da yawancin harkar cikin waya, ya buɗe guruf, wato zauren tura finafinai, mutane suna shiga daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Saboda haka ina roƙonka, kada ka fara da wanda ya fi sauƙin kamawa don kawai a ga kana aiki. Kuma in ka ji zuciyarka tana yaba maka a kan wani kamu, ka tsaya ka duba wa kake karewa a bayanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin Hudu ne ya hana ni sukuni har na nemi Hajiya Rabi. Na je biki birni, na yi ta tambaya, aka kwatanta mini wani ɗan shago a bakin wata unguwa. Na same ta tana sayar da turaren wuta da mayafai. Ta rame, fara'ar ce kawai ba ta tafi ba. Ta gane ni nan take, ta jawo mini kujera, ta aika aka kawo mini ruwa. Ban iya sha ba. Na faɗa mata komai, tun daga baƙin allo har rantsuwar da na yi mata.

Ta ce, "Na sani tun ranar. Mutum ɗaya na ba wa."

Na ce, "To me ya hana ki kai ni ƙara?"

Ta ce, "In kai ƙarar wadda na kwana a ɗakinta na ci tuwonta? Yaya, filina ya tafi, bai dawo ba. Wannan da sauƙi. Waɗanda suka yi mini aiki a kan sai fim ya fita in sallame su, su ne na kasa haɗa ido da su. Mai ɗaukar hoton nan da yake ce miki Inna, aurensa ya fasa saboda haka."

Na fashe da kuka a shagon mutane. Ta bar ni na yi mai isata. Sai kuma ta yi wata 'yar dariya, ta ce, "Amma bari in faɗa miki abin da ke hana ni yin fushi yadda nake so. Ƙashin labarin nan, a wani fim na ƙasar waje na gan shi, na sa masa riga da zane irin namu. Ban tambayi kowa ba. Waƙarku da na ɗauka, wadda ita mutane suka fi so a fim ɗin, na tambaye ku? Na ba ku wani abu?"

Na ce, "Ai mu daɗi muka ji. Kuma ba tamu ba ce, ta kakanni ce."

Ta ce, "To kin gani." Ta ɗago wayarta ta nuna mini. Fim ɗin waje ne da aka juya da Hausa take kallo in ba ciniki, daga wani guruf aka turo mata. Ta ce, "Ni da aka kashe da wannan wuƙa, ga ni ina yanka albasa da ita. Nawa haƙƙin na yafe miki duniya da lahira. Na sauran kuwa, ba ni da ikon yafewa."

Na fito daga shagon nan na fi shigata rikicewa. Na je neman hukunci ko yafiya, na samo rabin kowanne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ne. Amma warin daddawa bai mayar wa mai ɗaukar hoto aurensa ba.

Na kai maganar gaban malamai. Malamin da ke mana karatu a Bunkure ya ce babu wani kewaye-kewaye, gumin mutum ne, wanda ya ci ba da yardarsa ba zai biya ranar da ba kuɗi. Wani malamin kuma, a wurin wa'azin mata a Garun Malam, ya ce shi bai ga yadda za a kira abu sata ba alhali mai shi bai rasa shi ba, amma dai saɓa alkawari ne da cutarwa, kuma shi nasa karatun ya yafe, kowa ya tura wa kowa, lada yake nema. Na ce a raina, Malam, kai lada kake nema, ita Hajiya filinta take nema. Dukansu sun fi ni sani, kuma dukansu na ga gaskiya a maganarsu. Babanka da yana raye da ya ce irin rigimar ban-ruwa ce, na bakin kanal yana buɗe ruwa ba ranarsa ba yana cewa ai ruwan Allah ne, na ƙarshen layi kuwa shinkafarsa tana ƙonewa. Sai dai shi ruwa ana ganin ya ragu.

Kada ka ce ban gwada hanyar halal ba. Kai da kanka ka sa mini manhajar nan da ake biya a kalla. Ka manta yadda muka ƙare? A cikin gida ba sabis, sai na hau tudun bakin kanal kamar mai kiwon tsuntsaye. Wurin biya ya ƙi karɓar katin banki. Da ya karɓa, fim bai kai rabi ba data ta ƙare. Na haƙura na yi wata guda ba kallo. Daga baya, ba zan ɓoye maka ba, na aika wa kawunka memorina. Yanzu haka da nake rubutun nan, abin da ke cikin wayata daga wurinsa yake. In sunayen masu kallo ma kuke tarawa, to ka fara da Hajara.

Shekaranjiya da yamma Ila ya zo. Ya ji labarin aikinka a gari. Ya zauna a kan turmi ya ƙi hawa tabarma, yana juya makullin babur a hannu.

Ya ce, "Yaya, yaron nan ni zai kama?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni fa ba ni nake sacewa ba. A sama nake samu, a intanet, kamar kowa. Wanda yake ɗorawa ko a ƙasar nan ba lallai yake ba, shi wa zai kama shi? Kuma ki tambayi Auta, sababbin mawaƙa da ƙafarsu suke zuwa shagona suna roƙo in sa waƙarsu a wayoyin mutane. Ni na sa aka san su a ƙauyukan nan. In sun yi suna sun sayi mota, sai in zama ɓarawo?"

Na san haka ake yi. Amma na dube shi da kyau. Ila na yau ba Hudu ba ne. Ya gina gida, ya sayi gona a bakin ruwa, 'yan guruf ɗinsa biyansa suke yi duk wata. Ba yunwa ce take sa shi yanzu ba. Na ce masa, "Wanda ya roƙe ka, ka tura nasa. Wanda bai roƙe ka ba fa? Hajiya Rabi ta roƙe ka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ke kika kawo mini, Yaya."

Ka ga, duk inda na juya ni ce a ciki.

To Auta, ga iyakar abin da na iya tacewa. Ba zan ce ka ajiye aikin ba. Aiki ne na gaskiya, akwai irin su Hajiya da yawa da ba su da mai tsaya musu, kuma zan yi alfahari in ɗana ne ya tsaya. Ba kuma zan ce ka tsallake kawunka ba. Na taɓa tsallake shi sau ɗaya, ka ji wanda ya biya. In ka rufe ido a kansa, ranar nan ka rasa bakin kama kowa. Amma kuma ba zan iya buɗe baki in ce ka miƙa shi ba. Cikinmu ɗaya da shi, shi ya yi wa babanka wanka ranar da ya rasu, shi ya sa ka a hanyar da za ka bi ka same shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce, sai dai waɗanda suka faɗa ba su gaya mana yadda ake yi da warin ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In aiki ya kai ka kansa, kada ya ji a bakin baƙi, kada farar bas ta riga ka zuwa. Ka hau mota ka zo da kanka da rana tsaka, ka shiga shagon ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka faɗa masa ido da ido abin da ka gani da abin da za ka yi. Ka ba shi dama ya rufe da hannunsa. In ya ƙi, ka yi abin da ya wajaba a kanka, ni zan ji da surutun dangi. Ko hakan daidai ne a dokar aikinku, ban sani ba. Wataƙila shi ma wani kuskuren nake koya maka. In ka ga haka ne, ka gaya mini, ba zan yi fushi ba.

Bayan tafiyarsa har na ɗauka ya yi zuciya. Sai ɗazu ya aiko matarsa da kaza soyayyiya, wai guzurinka, ya ce kuma kada a nemi ɗan acaba, shi zai kai ka titi da kayanka ya tsaya har ka sami mota. Ban hana shi ba. Lokacin da za ka karanta wannan, ya riga ya sauke ka, kuma abin da kuka faɗa wa juna a kan babur ɗin nan, ko shirun da kuka yi, ku biyu kuka sani.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci, kada ka wuni gaban allo da ruwan shayi. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare idonka da hannunka daga haƙƙin mutane, ya nuna maka gaskiya a inda ta ɓace wa uwarka, ya ba ka ƙarfin binta ba tare da zuciyarka ta bushe ba. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mini da kai lafiya.

Mahaifiyarka,
Hajara